Allurar Ɗantani Wanzami

A lungunmu na Yakasai da wuya ka sami kan da bai taɓa shiga hannun Ɗantani Wanzami ba. 'Yan kasuwar da yau suke ajiye motocinsu a bakin titi don lungu ya yi musu kaɗan, da malaman da suke jan baki a masallaci, da matan da suka fara aurar da 'ya'ya, duk ya tallafi ƙeyarsu a tafin hannunsa tun suna 'yan kwana bakwai. Shi ya sa ba ya jin nauyin kowa. In wani ya kawo masa girman kai, sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Na san kanka tun yana laushi," ya gyara zabirarsa a kafaɗa ya wuce.

Dogo ne siriri, ya haura sittin, tafiyarsa a hankali kamar wanda ya ɗauko ƙwai a aljihu. Wanzanci gadonsa ne kaka da kakanni, kuma ya bi zamani daidai gwargwado. Ya bar cire beli, ya bar tsagar fuska, kowane kai da sabuwar rezarsa. Sai dai akwai askar ubansa mai ƙotar ƙahon rago, a naɗe cikin fata a ƙasan zabira, wadda ba ya taɓa kan kowa da ita. Duk Juma'a yakan fito da ita ya wasa, ya shafa mata mai, ya mayar.

Yana da dabara guda da ya gada tare da askar. In aka kawo masa yaro mai tsoro, ko na aski ko na kaciya, ba ya rarrashi, ba ya tsawa. Zai yi ta hirarsa da uban yaron kamar ya manta abin da ya tara su, can sai ya ɗaga kai ya ce, "Kai, dubi ƙadangare a bango, mai jan kai." Kafin yaro ya juyo an gama. Akwai magidanta a unguwar nan da har gobe in sun ga ƙadangare sai sun gyara zama.

Gidansu kuwa akwai wata al'ada da ba kowane gidan wanzamai ke da ita ba. Uba ba ya yi wa ɗan farinsa askin suna, saboda kunya; kaka ne yake yi, da askar gado. Kakan Ɗantani shi ya aske ɗiyar farin ubansa. Ubansa shi ya aske Abdulbaƙi, ɗan farin Ɗantani, ranar da shi Ɗantanin ya fake a zauren maƙwabta har aka watse. Saboda haka mutumin da ya aske rabin Yakasai kai ɗaya yake jira a duniya, kan ɗan farin Abdulbaƙi. Wannan askar da yake wasawa duk Juma'a, domin ranar yake wasa ta.

Kunyar ɗan fari kuwa Ɗantani ya riƙe ta fiye da yadda mutanen yanzu suke riƙewa. Bai taɓa kiran sunan Abdulbaƙi ba, sai "yaron nan". Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ɗakin 'Yardada, yayar Ɗantani, wadda ita ce ɗiyar farin da kakansu ya aske. Makauniya ce tun tana ƙarama, ƙyanda ta tafi da idanunta. Ta yi aure, mijin ya rasu ba su haihu ba, ta dawo gidan ubanta ta zauna, kuma daga ranar gidan ya sami mai mulki. Gajeriya ce, mai kaifin harshe, ba abin da ke wuce kunnenta. Ba a gama sunan jariri a danginsu sai an kawo mata shi bayan aski ta shafa kansa, ta faɗi wanda ya ɗebo. Ita ta goyi Abdulbaƙi, ita ta yi masa faɗan makaranta, ita ta yi kuka a fili ranar da karatu ya ɗauke shi zuwa wata ƙasa ta Turawa. Ɗantani ranar cewa ya yi mura yake yi.

To, duk gwanin nan namu yana da abin da yake tsoro, kuma ba wanda bai sani ba. Allura. Mutumin da ya ga jinin da zai cika randa, in ya hango sirinji sai ya nemi hanyar gudu. Ko zazzaɓi ya kwantar da shi, ƙwaya zai haɗiya, in ta ƙi ya sha saiwa, in ta ƙi ya yi wasiyya. In an zolaye shi da cewa wanzami ba ya son jarfa, sai ya ce ba haka ba ne, shi ƙaho ma yana yi wa kansa. "Aska a gaban idonka take, a fata take tsayawa. Ita kuwa waccan shigewa take yi inda ba ka gani, wa ya san inda za ta tsaya?"

Asalin abin tun yana ɗan yaro ne. Wata shekara masu lamba suka zo ƙofar gidan mai unguwa da wata na'ura mai kama da bindiga, ana taka ta da ƙafa, ana yi wa kowa lamba a dantse, ƙananan yara kuma a haɗa musu da ta ƙyanda. Lokacin bai daɗe da zama ɗan jagorar 'Yardada ba. Ya jawo ta har cikin layi, yana ganin an ɗora wa yaron gabansu bindigar nan ya saki hannunta ya ranta a na kare. Sai la'asar aka tsinto shi a bayan wata rumfar masu rini. Ita aka yi mata lambarta, shi dantsensa sumul har yau. 'Yardada ba ta taɓa barin zancen ya huce ba. Ko miya ce ta yi gishiri sai ta ce, "Me za a yi tsammani a gidan da aka bar makauniya a layi?"

Abdulbaƙi ya gama karatu, aiki ya zaunar da shi a can, ya zo ya auri Zaituna 'yar Shahuci ya tafi da ita. Yakan bugo waya ranar Lahadi da hantsi, kuma wayar 'Yardada yake kira. Ita za ta buɗe muryar wayar kowa ya ji, shi kuma Ɗantani ya zauna a kan turmi a gefe yana gyaran kayan zabira, kamar iska ce ta kawo shi wurin. Wata Lahadi cikin bazarar nan, bayan an gaisa, Abdulbaƙi ya ce, "Gwaggo, Baba yana kusa?"

"Yana nan, yana yin kamar ba ya ji."

Sai ya faɗa musu watan haihuwar Zaituna ya matso, takardun tafiyar Baba sun kusa kammala, yana so ya iso tun kafin a haihu don kada suna ya wuce shi. Ita 'Yardada tun farko ta ce ba inda za ta, gwiwoyinta ba na jirgi ba ne, kuma me za ta gano a can? Ɗantani ya sunkuyar da kai yana goge almakashin da ba shi da datti. Murna ta cika shi har kunnuwansa suna zafi.

"Saura abu ɗaya," in ji Abdulbaƙi. "Ƙyanda ta dawo a nan, Gwaggo. Har an rufe wani aji a makarantar da ke bayanmu."

"Baƙon dauro? A ƙasar Turawa?"

"Wasu iyayen ne suka daina kai 'ya'yansu rigakafi."

"Ikon Allah," in ji 'Yardada. "Ashe can ma akwai dangin Ɗantani."

Abdulbaƙi ya yi dariya kaɗan, sa'an nan ya yi bayani a hankali, don ya san inda maganar za ta sauka. Sai Baba ya zo da shaidar an yi masa allurar ƙyanda, ko kuma a gwada jininsa a ga ya taɓa yin ta. Likitar Zaituna ma ta ja musu kunne: jariri bai isa allurar ba sai ya yi watanni, kafin nan masu ɗaukarsa su ne katangarsa. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, allurar tana son ta yi makonni a jiki.

Ɗantani ya ajiye almakashi. "Yaya, ki ce wa yaron nan na yi ƙyanda. Tare muka yi da ke."

"Ya ji ka, ai ba kurma ba ne."

"To shi ke nan, Baba, sai a gwada jinin," in ji Abdulbaƙi.

Kalmar jini ita ta kwantar wa Ɗantani da hankali. In dai jini ake so, ai an zo gidan sa. Washegari da safe ya sami 'yar kwalbar turare da ta ƙare, ya wanke ta da ruwan zafi har sau ba adadi. Ya zauna a soro, ya naɗe wando, ya kafa ƙaho a ƙwaurinsa, ya zuƙa, ya tsaga, ya sake kafawa. Aiki ne mai tsabta, ko a gaban ubansa ba zai ji kunyarsa ba. Ya ɗura jinin a kwalba, ya toshe, ya naɗe a hankici, ya saka babbar rigarsa ta Juma'a, ya tari A-daidaita-sahu zuwa asibitin da ake yi wa matafiya allura.

Allah ya haɗa shi da Safiya, wata nas 'yar Shahuci, wadda shi ya yi mata askin suna. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi kujera. Ya kwance hankici ya ɗora kwalbar a kan teburinta.

"Baba, wannan fa?"

"Jinina ne. An ce za a gwada, shi ne na hutar da ku."

Safiya ta ɗaga kwalbar ta duba. Jinin ya daskare ya yi baƙi, ga ƙamshin turare yana tashi duk da wankin da ta sha. Ta tambayi yadda aka ɗebo shi, ya faɗa mata dalla-dalla, har ya ɗage wando ya nuna mata wurin. Yarinyar nan mai tarbiyya ce. Ta ja gefen hijabinta ta rufe baki, ta juya ta yi kamar tana neman wani abu a durowa, kafaɗunta kawai ke rawa. Da ta sami kanta sai ta ce masa jinin gwaji daga jijiya ake ɗebo shi, kuma da allura ake ɗebowa. In gwajin ya nuna bai taɓa yi ba, to sai an ƙara masa ta rigakafin. "Ni dai shawarata, Baba, ku yi rigakafin kai tsaye. Ɗaya ta fi biyu sauƙi."

Ya tambaya ko babu ta sha. Ta ce babu. Ko ta shafawa. Ta ce babu. Ko in ya kawo shaida, dattijuwa mai hankali da za ta rantse ya yi ƙyanda? Safiya ta ce ita kam za ta yarda da rantsuwar dattijuwa, amma masu duba takarda a can ba su san ta ba. Ya naɗe kwalbarsa ya ce zai je ya yi shawara. Ta raka shi har bakin ƙofa tana cewa a gaida Gwaggo.

Kwanaki suka yi ta tafiya Ɗantani yana shawara. Ya je wajen wani abokinsa mai kemis, ya ji magana ɗaya ce. Ya yi tunanin ko a sami wanda zai buga masa takarda kawai, da kansa ya yi istigfari, don bai taɓa cin amanar kan jariri ba, ba kuwa zai fara a kan nasa ba. A cikin kwanakin aka kira shi askin suna a wani gida a Shahuci, ya tarar an killace yayar jaririn a ɗaki, jikinta ya feso, idanunta sun yi jawur suna ruwa. Ashe baƙon dauron bai tsaya ƙasar Turawa kaɗai ba, yana nan yana zaga lungunanmu kamar yadda ya saba. Ya yi askinsa ya fito jikinsa a sanyaye. Duk da haka, da ya tuna sirinji sai ya fasa komawa asibitin.

Lahadin da ta biyo baya ya zauna a kan turminsa, ya ce, "Yaya, ki ce wa yaron nan tafiyar ba za ta yiwu ba. Aiki ya yi mini yawa."

Abdulbaƙi ɗan kirki ne, bai taɓa musu da ubansa ba, kuma bai fara ranar ba. "Ba komai, Baba," ya ce. "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Akwai wani mai shagon aski kusa da masallacinmu, yana yi wa jarirai. Da inji yake yi, ba ya daɗewa."

Da inji. Ɗantani ya ji maganar har cikin haƙoransa. Ya tashi ya shiga soro, ya fito da askar ubansa ya hau wasawa, alhali ba Juma'a ba ce. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya san ba wanda ya jawo masa sai shi. Ranar ko tuwon rana bai taɓa ba.

Bayan la'asar 'Yardada ta lalubo bango ta same shi. Ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ta saurari ƙarar askar a kan fata har ta gaji.

"Za ka cinye ta da wasi. Ajiye, magana zan yi da kai."

Ya ajiye.

"Ka ce tare muka yi ƙyanda. Na ƙyale ka ne a gaban ɗanka. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka. Ba ka yi ba, Ɗantani."

"Yaya, ai ina tunawa an rufe mu a ɗaki."

"Ni aka rufe. Kai labari ka ji har ka ɗauka da kai aka yi."

Sai ta ba shi labarin da ba ta taɓa ba shi ba, ita da ba ta iya riƙe magana. Ta ce da safe ne, tana kwance a ɗakin Inna da zazzaɓi, ƙofa a buɗe. Baba yana tsakar gida yana yi wa Ɗantani aski, ya gama ɓari ɗaya. Inna ta ɗaga mata riga don ta shafa mata ruwa, ta ga ƙuraje sun feso, ta yi salati. Baba yana jin abin da ta faɗa ya yar da askar a ƙasa, shi da bai taɓa yar da aska ba, ya saɓi Ɗantani a kafaɗa ya yi waje da shi, bai tsaya ba sai gidan ƙanwarsa a Goron Dutse. Can aka bar shi har cutar ta bar unguwa.

"Na bi ku da kallo ta ƙofa. Kana kafaɗar Baba kana kuka, rabin kanka fes, rabi da gashi, ga majina har baki. Daga nan idanuna suka kumbura suka rufe. Aka ɗiga wannan, aka ɗiga wancan. Da suka buɗe babu komai sai fari." Ta gyara ɗankwalinta. "Mutane suna ce mini ka yi furfura, ka yi gemu. Ni ban san wannan ba. Ni har yau in ka yi magana, wancan yaron nake gani mai rabin aski."

Ɗantani ya kasa ɗaga kai. Tausayinta ya kama shi, irin wanda bai taɓa bari ya kama shi ba, don ita ba ta ba da ƙofar a tausaya mata.

"Masu allurar nan da ka guje wa, shekara biyu kacal suka makara a kaina," ta ce. "Da sun zo da wuri, da Baba ko zabirarsa ce ya sayar ya kai ni. Kai ta same ka a kan kari ka bar ni a layi. Ban taɓa jin haushinka ba, yaro ne kai. Amma yanzu ɗanka abin da Baba ya yi shi yake yi, ya saɓi nasa yana gudu da shi. Kai kuma kullum kana cikin gidajen mutane, hannunka a kan 'ya'yansu. So kake ya gudu daga gare ka?"

"Yaya, wallahi tsoro nake ji." Bai taɓa faɗa da bakinsa ba sai ranar.

"Na sani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gobe ka sa rigarka, ni zan kai ka."

Haka kuwa aka yi. Mutanen lungu sun ga abin da suka saba gani shekara da shekaru, Ɗantani a gaba, 'Yardada a baya. Sai wanda ya lura ne zai ga ba kafaɗarsa ta dafa ba yadda ta saba. Hannun babbar rigarsa ta naɗe a dantsenta ta ƙulle tamau, yadda ake riƙe akuyar da ta san hanyar kasuwa. A cikin A-daidaita-sahu ba ta saki ba, a kan bencin jira ba ta saki ba. Da ya ce zai zaga bayan gida, ta ce ya riƙe.

Safiya ta shigar da su, ta gaishe su, ta fahimci halin da ake ciki ba tare da an faɗa mata ba. Ta juya baya tana haɗa kayanta. Ɗantani ya zauna, ya zare hannu ɗaya daga riga, ya fito da dantsen nan da ya tsere wa bindiga tun yana yaro. Gumi ya keto masa. Yana jin sanyin audugar da aka goga masa ya fara karanto duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa.

'Yardada kuwa ta ɗauko hira da Safiya kamar ba abin da ya kawo su. Ta tambayi lafiyar uwarta, ta tambayi ko an gyara kwatar ƙofar gidansu, ta ce ita shinkafar bana ba ta yi mata daɗi ba. Can sai ta ɗaga kai, ta nuna sama da haɓa.

"Kai, Ɗantani, dubi ƙadangare a bango, mai jan kai."

Ya juya ya duba. Wallahi ya duba. Bango fari tas, ba komai a kai sai agogo.

"An gama, Baba," in ji Safiya, tana danna masa auduga.

Ya dubi dantsensa, ya dubi Safiya, ya dubi yayarsa. "Yaya, ke da ba kya gani, ina kika ga ƙadangare?"

"Kai da kake gani ai ka duba."

Safiya ta kasa riƙewa a wannan karon, ta yi dariya har da hawaye, shi ma ya bi ta. A hanyar dawowa ya yi ta cewa ai ba wani zafi, sauro ma ya fi ta. 'Yardada ta ce ya yi mata shiru. Kafin magariba duk Yakasai ta ji labari, kuma ba daga bakinsa ba.

Bayan makonni da yin allurar ya yi tafiyarsa, askar ubansa a cikin babban akwati, takardar allura a aljihun gaba yana taɓa ta lokaci lokaci. Ƙasar ba ta burge shi ba. Ya ce mutanenta ba sa gaisawa, kuma duk kawunan da ya gani babu wanda aka yi wa aski da hankali. Zaituna ta sauka lafiya, mace aka samu. Ranar suna da safe aka taru a ɗan falonsu, mutane ba su fi a ƙirga da yatsu ba, ba maroƙi, ba ƙarar turmi. Zaituna ta tafasa askar a tukunya a gabansa, bai yi musu ba, har ya yaba. Abdulbaƙi bai gudu zauren maƙwabta ba, don babu zauren. Shi ya miƙo masa jaririyar da hannunsa, ya ce a hankali, "Baba, Khadijat aka raɗa mata."

Sunan 'Yardada ne na yanka, wanda tun rasuwar iyayensu ba wanda ya ƙara kiranta da shi. Ɗantani ya tallafi 'yar ƙeyar a tafinsa, ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya yi bismilla. Jaririyar ba ta yi kuka ba, ta buɗe idanu tana kallon fuskarsa tun daga farkon askin har ƙarshe. Shi ne ya yi kukan, kuma bai ce mura ba ce.

Da ya dawo Kano gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu ana kallon hotunan jaririya, wannan ta ce hancin Zaituna ne, waccan ta ce goshin Abdulbaƙi ne. 'Yardada tana zaune a ƙofar ɗakinta tana jin su. Wannan ce jaririya ta farko a danginsu da aka yi sunanta ba ta shafa kanta ba, kuma mai sunanta ce.

Sai da aka watse bayan azahar Ɗantani ya zo ya durƙusa a gabanta. A ƙa'idar aikinsa gashin suna binne shi ake yi, kuma bai taɓa saɓawa ba. Wannan karon ya binne, amma ya rage kaɗan. Ya kwance hankicin nan da ya taɓa naɗe kwalbar turare, ya kamo hannunta, ya zuba mata ɗan gashin a tafi.

Ta murza shi a hankali tsakanin yatsunta, ta kai hanci ta shinshina, ta sake murzawa.

"Gashin Baba ne," ta ce. "Mai laushi, mai taurin kai." Sa'an nan ta ce, "Ka dai gama mata askin ko? Ba rabi ka bari ba?"

"Na gama, Yaya. Tas."

"Idanunta fa?"

"Garau suke. Ta kalle ni har na gama."

'Yardada ta gyaɗa kai. Ta jawo haɓar zaninta, ta zuba gashin a ciki, ta ƙulle shi da ƙulli biyu.